Babi na Uku: Kafin a Kafa Injin Haƙa

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa gwamnati ta ba wani kamfani lasisin neman mai a wani yanki, tambayar da ke biyo baya a majalisu da tashoshin mota ba ta wuce guda ɗaya: to me suke jira? In da mai a ƙasan, a haƙa mana. Wanda ya ga an haƙa burtsatse a unguwarsu cikin kwana uku yana da hujjar yin wannan tambaya. Sai dai rijiyar mai takan yi zurfin kilomita uku ko huɗu, kuɗinta miliyoyin daloli ne, kuma a yankin da ba a taɓa samun mai ba, yawancin rijiyoyin gwaji busassu suke fitowa. Shi ya sa shekarun farko na lasisi suke ƙarewa a kan aikin da ido ba ya cika gani, wato tara sani game da abin da ke ƙarƙashin ƙasa kaɗan-kaɗan, a fara da hanya mafi arha, a bar mafi tsada sai ƙarshe.

Abin da lasisi ya ƙunsa

A Najeriya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnatin tarayya ne, kamar yadda sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Mai gona yana da gonarsa, amma abin da ke can ƙasanta ba nasa ba ne. Shi ma kamfani, abin da lasisi ya ba shi izini ne na nema a cikin wani fili mai iyaka, na wani wa'adi, bisa sharuɗɗa.

Dokar Masana'antar Man Fetur da aka sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta damƙa kula da wannan a hannun hukumar NUPRC, ta kuma kasa izinin gida uku. Na farko na awo ne kawai, shekara uku, ana iya ƙara uku, kuma ba ya hana wani kamfanin yin nasa awon a wuri ɗaya. Na biyu shi ne ke ba kamfani ikon haƙa rijiyar gwaji shi kaɗai. A tudun da aka riga aka san da mai, kamar Neja Dalta, wa'adinsa bai wuce shekara shida ba, filin kuma bai wuce murabba'in kilomita 350 ba. A sabbin yankuna irin su kwarin Benuwai, yankin Tafkin Chadi, Bida da Sakkwato, doka ta sassauta: shekara biyar da farko, da ƙarin biyar, fili kuma har murabba'in kilomita 1,500. Na uku shi ne izinin ɗiban mai na shekara ashirin, wanda ba a kai gare shi sai an samu abin sayarwa.

Kamfanin da ya karɓi izini na biyu ya yi alkawari a rubuce cewa zai yi awo kaza, ya haƙa rijiya kaza, kuma ya ajiye jingina a kan haka. Daga ranar da aka sa hannu wa'adi ya fara ci. Don haka masu tsara aiki daga ƙarshe suke fara lissafi: in ana so a haƙa rijiya a shekara ta huɗu, dole a gama nazarin awo a ta uku, a yi awon a ranin ta biyu, a samu izinin muhalli da yardar jama'a tun a ta farko. Jinkirin wata uku a farko yana iya cinye shekara guda a gaba, saboda damina ba ta jiran kowa.

Abubuwa biyar da sai sun haɗu

Mutane da yawa suna ɗauka mai yana kwance a ƙasa kamar tafki. Ya fi kama da ruwan da ke cikin yashin kogi da rani. A ido kogin ya ƙafe, amma in aka tona rami sai ruwa ya tsattsafo daga tsakanin ƙwayoyin yashi. Haka mai yake zaune a cikin ƙananan kafofin dutse, waɗanda yawancinsu ba su kai kan allura ba.

Kafin ya taru, sai an samu dutsen uwa, wato tsohuwar laka baƙa da ta danne ragowar ƙananan halittun ruwa da tsirrai tun miliyoyin shekaru. Wannan laka sai ta nutse ta yi zurfi ta dahu. Kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara zafin kimanin digiri 25 zuwa 30, kuma mai yakan fito ne a tsakanin digiri 60 zuwa 120 ko sama kaɗan. Matan da ke yin ƙuli-ƙuli sun san irin wannan: gyaɗar da ba ta soyu ba ba ta ba da mai, wadda ta sha wuta da yawa kuma ta ƙone. A ƙarƙashin ƙasa, in zafi ya wuce kima sai man ya koma iskar gas, in ya ƙara wucewa sai a rasa duka.

Mai ya fi ruwa rashin nauyi, kamar yadda yake tasowa saman miya, saboda haka da ya fita daga dutsen uwa sama yake nufa. Yana bukatar rumbu, wato dutsen yashi ko na farar ƙasa mai kafofi da zai shige. Rumbun yana bukatar murfi, shimfiɗar laka mai tauri da ba ta yoyo. Sannan shimfiɗun su lanƙwashe su yi siffar ƙwarya a kife, ko wata tsaga ta tare su, yadda man zai maƙale. Wannan shi ne tarko. Na biyar shi ne lokaci, kuma shi ya fi ba masana wahala. In man ya taso kafin tarkon ya samu, ya wuce ke nan, ko da sauran huɗun suna nan daram.

Kwarin Benuwai ya samu ne lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suke rabuwa, shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce. Ƙasa ta tsage, ta zurma, koguna suka zuba yashi, daga baya teku ya shigo ya bar laka da farar ƙasa. Dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka shaidar wannan teku ce. Masana sun raɗa wa shimfiɗun sunayen wuraren da suka fito fili: Bima, Yolde, Pindiga, Fika, Gombe, Kerri-Kerri. Wannan tsaga dangi ce ga ta Termit a gabashin Nijar, inda filin Agadem yake, da ta Doba a kudancin Chadi, kuma duka biyun suna ba da mai. Nan ne tushen kyakkyawan zaton da ake yi wa arewa maso gabashin Najeriya. Amma samun ruwa a rijiyar maƙwabci dalili ne na gwadawa kawai, don kowane kwari da nasa tarihin zafi da lanƙwasa.

Da tsohuwar zuma ake magani

Aikin farko a ofis ake yin sa. Ana tattaro duk abin da waɗanda suka gabata suka bari: taswirori, rahotannin tsofaffin rijiyoyi, gutsattsarin dutsen da aka adana, da tsohon awo wanda kwamfutar yau za ta iya sake tacewa ta fito da abin da ta da ta kasa gani.

Labarin Kolmani, da ke tsakanin Bauchi da Gombe, ya nuna darajar wannan. A 1999 kamfanin Shell ya haƙa rijiyar Kolmani ta ɗaya zuwa kimanin mita 3,000, ya tarar da iskar gas da ba ta kai ta kasuwa ba. Elf ya haƙa Kuzari a shekarar, Chevron ya haƙa Nasara a 2000, dukansu ba su kai mita 2,000 ba, suka fito busassu. Kamfanonin suka tattara suka bar yankin. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya koma kan bayanan, ya yi sabon awo, ya fara rijiyar Kolmani ta biyu a watan Fabrairun 2019, ya nutsa har ƙafa 13,701, wato sama da kilomita huɗu, kuma a watan Oktoba ya sanar da samun mai da gas. Busasshiyar rijiya tana faɗin abin da ke inda ta tsaya ne, ba ta da labarin abin da ke ƙasa da nan. A ɓangaren Barno kuwa NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a shekarun 1980 da 1990, biyu kawai, Wadi da Kinasar, suka nuna alamar gas. Duk mai shirin sabon aiki a can dole ya zauna da rahoton kowace ɗaya ya gano wanne daga cikin biyar ɗin nan ya ɓace mata.

Bayan ofis sai daji. Masanin duwatsu yana bin kwazazzabai da gaɓar koguna da guduma da jaka, yana fasa dutse, yana duba ƙwayarsa da gilashin ƙara girma, wani lokaci har ya sansana, domin lakar da ke ɗauke da mai takan yi ɗan warin kananzir in an fasa ta sabuwa. Shimfiɗar da ta fito fili a Dutsen Bima ita ce take nutse da zurfi a wasu sassan kwarin, don haka abin da ya riƙe a hannu samfurin abin da injin zai tarar ne. Daga sama kuma ƙaramin jirgi yana shawagi a kan layuka, yana auna ƙarfin maganaɗisu da nauyin ƙasa. Wannan yana nuna inda shimfiɗun suka yi kauri da inda dutsen gindi ya taso kusa, sai a cire wuraren da ba su da fata tun kafin a kashe musu kuɗi.

Awon amsa-kuwwa

Mafi girman kuɗin da ake kashewa kafin haƙa a nan yake tafiya. Dabarar irin ta hoton ciki ce da ake yi wa mai juna biyu a asibiti: a aika sauti, a saurari dawowarsa. Masu awo suna fitar da layuka miƙaƙƙu cikin daji, suna kafa turaku. A bayansu leburori suna bi suna soka ƙananan na'urorin saurare a ƙasa, kowace ba ta wuce girman dunƙulen hannu ba, tazarar 'yan mitoci tsakaninsu, dubbai a jere. Sai a haifar da girgiza, ko dai da nakiya kaɗan da aka binne a rami mai zurfin 'yan mitoci, ko da manyan motoci masu faranti a ciki, waɗanda ke sauke farantin su danna ƙasa su karkaɗa ta na 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ke tsaye kusa yana jin abin a tafin ƙafarsa. Sautin yana nutsawa, kowace shimfiɗa tana maido da wani ɓangare, na'urori suna rubuta lokacin da kowace amsa ta iso.

A sabon yanki da layuka masu nisa da juna ake farawa, kamar a yanka kabewa sau biyu ko uku a leƙa cikinta. Inda aka ga alamar tarko, sai a koma da awo mai yawan layuka kusa-kusa wanda ke ba da siffar wurin ta kowane ɓangare. Tace bayanan a kwamfuta yakan ɗauki watanni. Kuma duk da haka abin da awon ke nunawa siffar shimfiɗu ce. Yana iya cewa ga ƙwarya a kife a zurfin kilomita uku, amma ko mai ne a cikinta ko ruwan gishiri, wannan sai bakin injin haƙa ya faɗa.

Mutanen da ke bisa ƙasar

Fili na murabba'in kilomita 1,500 ba kango ba ne. Akwai gonaki, burtali, mashaya, maƙabartu, da ƙauyukan da suka girmi Najeriya kanta. Dokar tantance tasiri ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin babban aiki, kuma mafi amfanin ɓangarensa shi ne auna yanayin wurin kafin a taɓa shi: a ɗebi ruwan rijiyoyin ƙauye, a gwada ƙasar noma, a ƙidaya itatuwa da namun daji. Ba tare da wannan ba, in ruwa ya canza ɗanɗano bayan shekara biyar babu wanda zai iya tabbatar da komai, kuma talaka ne ke kwana a ciki. Ƙaramar hukumar Alkaleri, inda ake aikin Kolmani, ita ce ke ɗauke da gandun dajin Yankari, ɗaya daga cikin wuraren ƙalilan da giwaye suka rage a Najeriya. Kudancin ƙasar kuma ya riga ya nuna tsadar sakaci: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ƙiyasta cewa gyara ɓarnar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Maganar diyya ita ce ta fi saurin tada ƙura. Layin awo yana ratsa gonar dawa, mota tana take wake, ana sare ɗorawa ko kaɗanyar da wata tsohuwa ke ci da ita. Tsari mai kyau shi ne a ƙidaya komai a gaban mai shi da dagaci, a rubuta, a biya shi hannu da hannu kafin mota ta shiga. Akwai kuma waɗanda takarda ba ta san da su ba: mai aron gona, matar da ke tsintar itace, makiyayin da ke bi ta wurin wata uku a shekara. Shirin da ya tsaya a fadar hakimi bai je wurin arɗo ba, rabin shiri ne. Dokar 2021 ta tanadi asusun raya al'ummomin da ake aiki a ƙasarsu, wanda kamfani ke zuba wa kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata. Wannan ya sa tantance wane ƙauye ne ke ciki ya zama babbar magana, kamar yadda muhawarar da aka yi tsakanin mutanen Bauchi da na Gombe kan inda rijiyoyin Kolmani suka faɗa ta nuna.

Abu ɗaya da ya kamata a faɗa wa jama'a tun ranar farko shi ne yiwuwar a tashi a tutar babu. Aikin awo yana ɗaukar ɗaruruwan matasa na 'yan watanni, sannan ya ƙare. Wanda aka bari ya sayar da gonarsa ko ya bar makaranta saboda zaton arziki ya zo, an zalunce shi ko da ba a yi masa ƙarya kai tsaye ba.

Damina, hanya da tsaro

Daga Yuni zuwa Satumba baƙar lakar yankin Tafkin Chadi da fadamun Gongola ba sa ɗaukar babbar mota. Lokacin awo daga bayan girbi ne zuwa faɗuwar ruwan farko, kuma hakan yana rage diyyar amfanin gona. Injin haƙa kuwa a wargaje yake zuwa, cikin tireloli masu yawa, don haka sai an duba kowace gada da kwalbati tun daga tashar jirgin ruwa, an yi sabuwar hanya ta burji, an haƙa burtsatse na aikin kansa don kada a janye ruwan ƙauye.

Tsaro ya shiga lissafi da jini. Ranar 25 ga Yulin 2017 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a ƙaramar hukumar Magumeri ta jihar Barno. Mutane da dama suka rasu, cikinsu akwai sojoji, 'yan sa-kai da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka kuma sace wasu uku waɗanda ba a sako su ba sai Fabrairun 2018. Aka dakatar da aikin, kuma sai a watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da sabuwar rijiya ta Wadi a jihar. Ayarin awo yana warwatse a kan kilomitoci masu yawa, kullum a sabon wuri, shi ya sa ya fi sansanin haƙa wuyar karewa.

Lissafin rijiyar farko

Idan bayanai suka kammala, masana sukan zauna su ba kowane ɗaya daga cikin abubuwa biyar ɗin nan maki. A ɗauki misali: a ce kowanne yana da yiwuwar bakwai cikin goma. A kunne wannan kamar tabbas ne. Amma tunda dole dukansu su haɗu, ninka su ake yi da juna, sai sakamakon ya faɗo zuwa kimanin ɗaya cikin shida. Wannan ya sa kamfanoni suke neman abokan tarayya su raba kuɗin rijiya, ya kuma sa 'yan kasuwa suke ja da baya daga sabbin yankuna. Don cike wannan giɓi ne dokar 2021 ta kafa asusun binciken sabbin yankuna, ta ware masa kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da NNPC ke samu daga wasu rukunan kwangilolinsa, tanadin da ya jawo muhawara mai zafi a majalisa da wajenta.

Sannan akwai tambayar kasuwa, wadda ake amsawa tun kafin a samu ko ganga ɗaya. Man da aka samu kusa da bututu a Neja Dalta, ko kaɗan ne, yana iya biyan kuɗinsa. Wanda aka samu ɗaruruwan kilomitoci daga teku sai ya yi yawan da zai biya bututu ko matata. An ga alamun mai a gabashin Nijar tun shekarun 1970 da 1980, amma ya zauna a ƙasa har sai da kamfanin CNPC na Sin ya karɓi filin Agadem a 2008, aka gina matatar SORAZ kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, ta fara aiki a 2011. Fitar da ɗanyensa waje kuwa sai a 2024, bayan an shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Chadi ma sai da aka gama bututun kilomita 1,070 zuwa Kribi ta Kamaru a 2003 kafin man Doba ya ga kasuwa. Irin wannan lissafi ne ya sa shirin da aka ƙaddamar a Kolmani a watan Nuwamban 2022 ya haɗa da matata, tashar lantarki da masana'antar taki a wurin.

In lissafi ya ba da dama, sai a zaɓi wuri guda a cikin dukan filin, a buga turke. Injiniyoyi su zana rijiyar hawa-hawa: faɗinta a sama, inda za a tsuke ta, inda za a zura bututun ƙarfe a ɗaure shi da siminti don raba ta da ruwan sha na ƙasa, nauyin kwaɓin lakar da zai danne duk abin da ya taso, da zurfin da za a tsaya. A share fili, a zuba tsakuwa, a gina ramin tara ƙazantar haƙa, a jira tireloli. Babi na gaba zai bi bakin injin daga wannan turke zuwa ƙasa, ya nuna yadda ake karanta gutsattsarin dutsen da ke fitowa, da gwajin da ke bambanta alamar mai da man da za a iya sayarwa.